Makomar Yaro Makaho a Ƙasar Tasawa, Jiya da Yau

Kafin zuwan boko ƙasar Tasawa da Mayahi, dangi da sarauta ne ke tsara makomar yaro mai naƙasa. Makaho yakan haddace Alƙur'ani da ka a makarantar allo, in ya balaga kuma ya shiga ƙarƙashin Sarkin Makafi, wato shugaban da sarkin gari ke naɗawa domin ya sasanta rigimar makafi, ya raba musu sadaka. A nan yake koyon tufkar igiya da kaba ko rama, yana murza zaren a cinya, ya kai kasuwa ranar cinta. Tsarin ya jingina ga bara, abin da ba ya rasa ƙasƙanci, amma ba ya barin mutum babu madafa.

Daga baya, dokar Nijar ta 1993 ta keɓe wa naƙasassu kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki, ƙasar kuma ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu a 2008. Sai dai guraben a birane suke, makahon ɗalibin ƙauye da ya gama sakandare kuwa yawanci gona da sana'ar gida yake komawa.