Daga 'Yan Awaki Zuwa Azare: Yadda Ake Raba Yaro da Gidansu

Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya, don haka a wannan fitowa za mu waiwayi tarihin Maitatsine, wanda yaranmu na yanzu sunansa kawai suka sani.

Sunansa Muhammadu Marwa, mutumin Marwa ta ƙasar Kamaru. Ya zo Kano wajen 1945 a matsayin malamin allo. Laƙabin ya samo asali ne daga yawan tsine wa duk wanda bai yarda da wa'azinsa ba. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi ya kore shi a 1962, amma daga baya ya sulalo ya dawo, ya kafa zango a unguwar 'Yan Awaki.

To su wa suka bi shi? Akasari gardawa ne da almajirai da 'yan ci-rani, matasan ƙauye waɗanda suka shigo birni lokacin da kuɗin mai ke yawo, su kuwa ko na koko ba su da shi. Malam ya ba su makwanci da abinci, sannan ya ba su bayanin talaucinsu. Wai duk mai ɗaura agogo, ko sauraron rediyo, ko hawa keke, ya bar hanya. Wai Alƙur'ani kaɗai za a karanta, ban da hadisi da littattafan malamai. Ka ga an toshe wa yaro duk wata kafa da zai ji wata magana daban. Uba ya zama kafiri a idonsa, malamin garinsu ya zama jahili, ba shi da kowa sai Malam.

Gwamna Abubakar Rimi ya rubuta masa takarda a watan Nuwamba 1980 cewa ya tashi daga wurin. Ran 18 ga Disamba rikici ya ɓarke a filin Shahuci, ya fi ƙarfin 'yan sanda, sai da Shugaba Shagari ya turo soja. Shi kansa Marwa ya mutu a ciki. Lissafin hukuma ya ce mutum 4,177 suka rasu, kuma aka kafa kwamitin bincike na Mai Shari'a Aniagolu.

An kashe maciji ba a sare kansa ba. Almajiran da suka tsere sun sake tayar da wutar a Bulunkutu ta Maiduguri da Rigasa ta Kaduna a Oktoba 1982, sai Jimeta a 1984, sai Pantami ta Gombe a Afrilu 1985, lokacin Gombe tana cikin jiharmu ta Bauchi.

Me ya kawo wannan zance a Bulkachuwa? Ƙasar Katagum tana tsakanin Kano da Borno, babbar hanyar ma ta Azare ta ratsa. Mu kuma mutanen neman karatu ne da fatauci, yaranmu yau suna yamma, gobe suna gabas. Mun kuwa ɗanɗana. Tarzomar mabiyan Muhammad Yusuf ta Yuli 2009 a garin Bauchi ta fara, kuma a ƙarshen 2014 bama-bamai sun tashi a Azare, a tashar mota da bakin banki da kasuwar wayoyi. Aƙidar ba ɗaya ba ce da ta Maitatsine, amma dabarar ɗaya ce: a raba yaro da iyayensa, a hana shi tambaya, a nuna masa jinin maƙwabcinsa ya halatta.

Ba karatun allo ne laifi ba, shi ya yi kakanninmu. Laifin shi ne a miƙa yaro a juya baya. Wanda ya kai ɗansa karatu, ya san malamin, ya san wa ya karantar da malamin. A riƙa ziyara, a aika ɗan guzuri, a sa yaro ya zo gida da salla. In ya dawo ya daina bin limamin unguwa salla, ko ya ƙi cin tuwon uwarsa, kada a ce ƙuruciya ce. A zaunar da shi gaban malaman da aka sani, tun icce yana ɗanye.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya jiƙan waɗanda suka rasu, amin.