Alhaji Umaru na Kete-Krachi da Rubutun Al'adun Hausawa

An haifi Alhaji Umaru ɗan Abubakar a Kano a 1858. Mahaifinsa Bakabe ne mai fataucin goro, don haka tun yana yaro ya saba da hanyar Gwanja. Ya yi karatun allo da na ilimi a Kano, ya ƙara a ƙasashen Sakkwato da Gwandu. Tun bai cika shekara ashirin da biyar ba ya tsara littafi da Larabci a kan ƙa'idojin rubuta wasiƙa.

Wajen 1892 ya zauna a Salaga, babbar kasuwar goro da ke arewacin Gana ta yau. A shekarar ce yaƙin basasa ya ɓarke a kan sarauta, kasuwa ta watse, fatake suka yi ta ƙaura. Shi ma daga baya ya koma Kete-Krachi, a bakin kogin Volta, wadda ke hannun Jamusawa a lokacin, ya zama limamin garin.

A Salaga ya haɗu da Bajamushe Gottlob Adolf Krause, a Kete-Krachi kuma da Adam Mischlich, tsohon ɗan mishan da ya zama jami'in mulki. Dukansu sun zauna gabansa neman Hausa, shi kuwa ya riƙa rubuta musu da ajami. Nan ne aikinsa ya bambanta da na sauran malaman zamaninsa. Bisa al'ada, malami in zai yi zube da Larabci yake yi, Hausa kuwa sai waƙar wa'azi. Tatsuniya hirar dare ce ta mata da yara, ba abin ɓata tawada ba. Umaru bai ga haka ba. Ya rubuta tatsuniyoyi da tarihin ƙasashen Hausa, ya bayyana aure da suna, bori, bauta, da yadda marina da majema suke sana'arsu, cikin Hausar kasuwa wadda ba ta cika Larabci ba. Mischlich ya fitar da ƙamus na Hausa da Jamusanci a 1906, ya kuma buga da yawa daga waɗannan rubuce-rubuce. Shi kuwa Umaru, sunan ɗalibinsa aka fi gani a kansu.

Waƙoƙinsa dai sun yi yawo da sunansa. Waƙar Talauci da Wadata ta nuna yadda ake raina matalauci ko a gidansu, a girmama mai kuɗi ko da wawa ne. Waƙar Nasara ta bi garuruwan da Turawa suka ci ɗaya bayan ɗaya, ba tare da sassauci ba, alhali marubucin na zaune lafiya da jami'ansu. Ya kuma fassara waƙoƙin mawaƙin Larabawa Imru'ul Ƙaisi zuwa Hausa.

Ya tafi aikin hajji a 1913, ya dawo ya ci gaba da karantarwa har rasuwarsa a Kete-Krachi a 1934. Douglas Ferguson ya fassara bayaninsa na ƙasar Hausa zuwa Turanci a 1973, sannan Stanisław Piłaszewicz na Jami'ar Warsaw ya buga zubensa na ajami a 2000.