Ƙidayar Dawaki, Ƙidayar Jirage

Kwana huɗu cur, daga 7 zuwa 10 ga watan Mayun 2025, samarin fadar da ke zama ƙarƙashin bedin ƙofar gidana a Cadawa ba su da zance sai na Indiya da Pakistan. Bazara ce, ana jiran ruwan shuka, ga salula a hannun kowa. Ana dafa shayi ana musu. Wasu na cewa Indiya ta wuce gardama, sojanta sun haura miliyan guda, ga jiragen Rafale 36 da ta sayo daga Faransa. Wasu na cewa yawa ba shi ne ba, ai Pakistan ta ce ta kakkaɓo jiragen Indiya da J-10C ɗin da ta samo daga Sin, kuma a 2019 ta harbo MiG-21, ta kama matuƙinsa, ta ba shi shayi, ta mayar da shi gida. Akwai masu bin Pakistan don addini, akwai masu bin Indiya don finafinai, akwai kuma waɗanda duk abin da zai kunyata kayan Faransa suna maraba da shi.

Rana ta uku wani ƙaramin cikinsu ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Baba, ku da kuka koyar da tarihi a lakwal, ku raba mana gardama. Wa ya fi ƙarfi?" Na ce masa, "Ɗana, wannan musun ya girme ka, ya girme ni. A ƙasar nan da dawaki aka fara yin sa."

Ba don in kauce wa tambayarsa na faɗi haka ba. Ina yaro na tarar da kakana da tsaransa suna irin wannan zama bayan isha, a kan buzu, kuma musunsu guda ne: Maraɗi da Katsina, wa ya fi barade? Damagaram da Kano, wa ya fi bindiga? Kakana bai ga zamanin hari da idonsa ba, an haife shi bayan shigowar Nasara, amma ubansa ya gani, kuma yadda tsofaffin nan ke lissafa ƴan lifidin Kaura haka yaran yau ke lissafa jirage, da zafi ɗaya da alfahari ɗaya.

Tushen abin sananne ne. Wajajen 1807 mutanen Shehu Usmanu suka ci birnin Katsina, Ummarun Dallaje ya zama sarki. Sarkin Haɓe Magajin Haladu ya ja da baya zuwa Ɗankama, can ya ƙare. Waɗanda suka saura suka naɗa Ɗan Kasawa, suka fake a ƙasar Damagaram na wasu shekaru, har lokacin da Aznan gulbi suka yi wa wakilin Katsina tawaye, suka kira shi. Wajajen 1819 ya zauna Maraɗi da sarautarsa ta Sarkin Katsina, sarautar da har yau ba a sake mata suna ba. Ya zo da tsarin fadar kakanninsa: Galadima, Kaura, Durɓi, Ƴandaka. Daga nan aka samu Katsina biyu, tsakaninsu tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba, harshe ɗaya, kirari ɗaya, sarautu iri ɗaya, kowace na cewa ita ce ta gaskiya. Duk wanda ya san yadda aka tsaga Indiya a 1947 aka fitar da Pakistan, da yadda suka gwabza a shekarar, suka sake a 1965 da 1971 da 1999, zai gane irin wannan gaba. Faɗan ƴan gida ɗaya ba ya tsufa.

Doki shi ne jirgin saman wancan zamani, kuma ba don ado nake kwatanta su ba. Shi ke da gudu, shi ke isa inda dakaru ba su isa, ya faɗa wa gari da asuba ya fita kafin gudummawa ta iso. Shi ne kuma mafi tsada a kayan sarki. Barade su ne masu hawa sakayau, da mashi da takobi da garkuwa, su ake turawa hari. Ƴan lifidi kuwa da su da dawakinsu an lulluɓe su da rigar auduga mai kauri don kibiya, ga kwalkwali a ka, wasu da sulke a ciki, su ke fasa sahun abokan gaba, su ke kewaye sarki. Doki mai ɗaukar wannan nauyi ba a kowace barga ake samunsa ba. Daga Azbin da Barno ake kawo nagartattu, sulke kuma ya ƙetaro hamada. Wato tun a lokacin, makamin da ake taƙama da shi na waje ne, kamar yadda Rafale ke zuwa daga Faransa, J-10C daga Sin.

To da me ake biya? Nan ne tsofaffinmu ke rage murya. Da mutane ake biya. A hau doki a kamo bayi, a sayar da bayi a sayi doki, a sake hawa. Dokin yaƙi kuma ba ya kiwo a daji kamar jaki: a barga yake, dawa yake ci, da harawa da kanwa, ga yaran da ke yi masa ciyawa, ga mai riƙe linzami. Dawar da doki ɗaya ke ci a shekara daga rumbun wani talaka take fitowa. Idan aka ce sarki kaza yana da doki dubu, ni abin da nake ji shi ne rumbu nawa aka kwashe.

Idan da ƙidaya ce ke yanke hukunci, da Maraɗi ba ta shekara goma ba. Bayan Katsina akwai Kano, akwai Zazzau, akwai Sakkwato kanta. Baturen nan Heinrich Barth, da aka fi sani da Abdulkarim, ya ƙiyasta cewa Sarkin Kano shi kaɗai zai iya fitar da doki 7,000 da dakaru sama da 20,000. Kuma an gwada. A 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya fito da kansa, ya tarar da taron Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Abzinawa a Gawakuke, ya yi musu kaca-kaca. Sarkin Gobir Ali ya faɗi a fagen, Sarkin Katsina Rauda na Maraɗi ma ya faɗi. A lissafin masu ƙidaya zance ya ƙare ke nan. Amma kafin ƙurar ta gama kwanciya Ɗan Mari ya hau gadon Maraɗi, Gobirawa suka naɗa Mayaƙi, aka kafa Tsibiri a gefen Maraɗi, garin da yau ke cikin yankin Gidan Runji. Bello ya rasu a 1837, hari ya dawo. Zamanin Ɗan Baskore, wanda ya yi sama da shekara 20 a kan gado, baraden Maraɗi sun riƙa ratsa ƙasar Katsina da Zamfara har iyakar Kano. Duk da haka shi ma bai karɓe birnin kakanninsa ba. Ganuwar Katsina ta fi ƙarfin mashi, dajin gulbi kuma da maharban Azna masu kibiya mai dafi sun fi ƙarfin lifidi. Shekara tamanin ana wannan, babu wanda ya gama da wani.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da Barth ya gani a nan kusa da mu. A watan Janairun 1851 ya biyo ayarin gishiri daga Azbin, ya sauka Tasawa, ya wuce Gazawa. Ya tarar da Gazawa gari ne mai kusurwa huɗu, an kewaye shi da kafi mai ƙarfi da gwalalo mai zurfi, domin shi ne babban gari na ƙarshe a kudancin ƙawancen Maraɗi da Gobir, shi ke fuskantar Katsina. Da ayarin ya fita ƙofar kudu sai daji. Ba dajin Allah da ba a taɓa sarewa ba, a'a, ƙasar noma ce da mutane suka gudu suka bari. A cikinsa ya wuce kufan Ɗankama, garin da Magajin Haladu ya taɓa fakewa, babu kowa. Fatake na tafiya a ƙagauce, kowa na duban bayansa.

Wannan dajin shi ne sakamakon musun. Su barade suna da makaɗa, suna da kirari, an riƙe sunayensu. Mutanen tsakiya kuwa, masu gero da awaki, ko dai su matsu cikin kafi su yi noma iyakar inda za su iya jin tambarin gargaɗi su ruga gida, ko a kwashe su. A gidanmu ana ba da labarin ƙanin kakar kakana, yaro ne da bai isa aure ba, ya fita da sassafe duba tarkonsa a bayan gari, mahaya suka bi ta kansa. Uwarsa ta rayu shekaru bayan haka, kuma an ce har ta rasu, duk fataken da suka sauka garin sai ta kai musu fura ta tambaye su ko sun ga mai irin tsagarsa a wata kasuwa. Mu zuriyar mutanen tsakiya ne. Shi ya sa da aka ce a watan Mayun 2025 an yi ruwan harsasan igwa a garin Punc na Kashmir, fararen hula sun mutu a gidajensu, hankalina ya tafi can, bai tsaya kan jirgi nawa aka harbo ba.

A gabas da mu an yi wani musun, na bindiga. Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya tara bindigogi ta hanyar Tarabulus, ya sa maƙera suna zuba igwa a Zinder, ana haɗa albarushi a gida. A ƙasar Hausa ta lokacin wannan abin firgita ne, kuma tsofaffin fadar kakana masu goyon bayan Damagaram da shi suke rufe bakin kowa. Ɗansa Ahmadu Kuran Daga ya kai yaƙi ƙasar Kano a 1898, ya yi ɓarna, bai shiga birni ba. Shekara guda bayan haka, a watan Yulin 1899, Faransawa suka karya rundunarsa a Tirmini suka shiga Zinder. A cikin watan nan ne ayarin sojan Faransa na Bule da Shanuwan, wanda ya riga ya yi kisan gilla a Birnin Ƙonni, ya ratso ƙasarmu yana ƙone garuruwa, ya yi ta'asa a Koran Kalgo, kafin sojansu su juya musu baya su kashe su a wajen Maijirgi. Ran 3 ga Fabrairun 1903 Ingilishi suka fasa ganuwar Kano cikin safiya guda. Maƙwabtan da suka shekara tamanin suna auna juna, wani ne daga nesa ya zo ya shata layi tsakaninsu, Katsina ɗaya ta faɗa hannun Ingila, ɗaya hannun Faransa.

Ba na yi wa Nasara godiya. Haraji da aikin tilas da suka ɗora wa iyayenmu sun ishe su laifi. Amma gaskiya ita ce da hari ya kwanta sai mutane suka fito daga kafi, suka bar matsatsin gulbi suka hau jigawa, suka sare daji, suka gina rijiyoyi. Ƙauyuka da yawa tsakanin Gulbin Maraɗi da Gulbin Kaba a wannan lokacin aka kafa su. Gonakin gyaɗa da suka ciyar da yankin nan a da, da na aya da ake sanin Cadawa da Agye da su yau, a kan tsohon filin barade suke. Dawakin kuwa suka koma na hawan Sallah, lifidi ya zama kwalliya.

Na ɗauka musun ya zama na nesa, na rediyo, sai ga 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, da CEDEAO ta ba da wa'adin mako guda tana barazanar turo soja, a ƙarƙashin bedin nan na ji yara suna ƙirga Super Tucano 12 da JF-17 uku na Najeriya, suna auna su da jirage marasa matuƙi da Nijar ta sayo daga Turkiyya. Ranar ban iya yin shiru ba. Na tambaye su, idan jirgin ya tashi daga can, a kan wa zai sauke kayansa? Rabin fadar uwayensu ko kakanninsu daga Jibiya da Kaita da Katsina suke. Allah ya kiyaye ba a yi ba, amma an yanke wuta, an rufe iyaka har watan Maris na 2024, kuma mun ga yadda farashin magani da shinkafa ya yi, mun ga masu kabu-kabu da ƴan ƙwadago na Ɗan Isa zaune babu aiki. Ko harsashi ɗaya ba a harba ba, mutanen tsakiya suka biya.

Harin da ke damunmu yau ma ba ya cikin lissafin masu ƙirga jirage. A babur yake zuwa, da dare, ya kora shanu ya ɗauki mutum a nemi fansa. Tun 2019 dubban mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallako yankin Gidan Runji da Madarumfa, aka zaunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Na je na ga matan da suka baro gonakinsu da gero a tsaye. Da suna ba ni labarin yadda gari ke kwana da kunne ɗaya a buɗe, sai na ji kamar muryar kakana ce.

Yaron nan da ya yi mini tambaya, bayan an tsagaita wuta ran 10 ga wata kowane ɓangare na cewa shi ya ci, ya dawo ya ce in nuna masa inda Ɗankama take. Na ce ai ba sai a taswira ba. Da kaka ta yi muka hau mota zuwa Gazawa, daga can muka yi kudu a babur. Hanyar da ayarin gishiri ya bi cikin fargaba, yanzu karan gero ne hagu da dama, da rumbuna, da yara masu kora awaki. Ɗankama na nan a ƙaramar hukumar Kaita ta jihar Katsina, gari ne na bakin iyaka mai kasuwa, ana karɓar naira ana karɓar sefa. Muka yi azahar a masallacin kasuwa, ya sayi takalmi, ni na sayi kanwa da barkono, muka kamo hanya kafin la'asar ta yi sanyi, domin mai babur ɗin ya ce ba ya son dare ya same shi a hanya.