Wali Ɗan Marina: Malamin Katsina da ya yi wa sarakuna waƙa

Muhammadu Ibn al-Sabbag, wanda aka fi sani da Ɗan Marina, malami ne kuma sha'iri da ya rayu a birnin Katsina a ƙarni na 17. Laƙabinsa na Larabci na nufin ɗan marini, ya kuma dace da na Hausa, domin marina ita ce wurin rini. Katsinawa na lissafa shi cikin waliyyan birnin, tare da Ɗan Masani da Ɗan Takum.

Ya yi zamani ne lokacin da Katsina ke cibiyar fatauci da karatu, ayarin Sahara na sauke kaya da littattafai a cikinta. A waƙarsa ta Mazjaratul Fityan ya kwaɗaitar da matasa neman ilimi, ya kuma jero fannonin da ya karanta. Fitaccen almajirinsa shi ne Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667. Daga baya Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambace shi a Infaƙul Maisuri cikin manyan malaman ƙasar Hausa.

Waƙoƙin fada

Waƙoƙi biyu ne suka fi bayyana dangantakarsa da masu mulki. Ta farko yabo ce ga Mai Ali na Barno kan galabar da ya samu a kan Kwararrafa, waɗanda hare-harensu suka addabi Kano da Katsina a wancan ƙarni. Malamin Katsina ya yabi sarkin wata ƙasa ne saboda maƙiyin guda ne, nasarar Barno kuwa sauƙi ce ga Katsinawa.

Ta biyu ya yi wa Sarkin Katsina Karyagiwa ne a shekarar 1070 ta Hijira, wato 1659. A ciki ya kira shi Amirul Muminina, ya yaba matakin da ya ɗauka a kan wani mai da'awar annabci. Hamidu Bobboyi da John Hunwick sun wallafa ta a 1991.

A duka biyun, aikin da sarki ya yi wa addini da jama'a shi ne dalilin yabo. Saboda haka suka zama madogarar masana tarihi, kamar yadda waƙoƙin George na Pisidiya, mawaƙin fadar Hiraƙla sarkin Rum a ƙarni na 7, suka adana labarin yaƙinsa da Farisa. Waƙar Karyagiwa ma, da yake tana ɗauke da shekararta, tana taimakawa wajen daidaita jerin sarakunan Katsina na kafin jihadi.

Kabarinsa na cikin birnin Katsina, a maƙabartar da ke ɗauke da sunansa. A can aka binne Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a watan Mayun 2010.