Finnmark

Finnmark yanki ne a can ƙuryar arewacin Norway, bakin Tekun Barents. Yawancin baƙi Nordkapp suke nufa, wani dutse mai tsayin mita 307 a tsibirin Magerøya, inda rana ba ta faɗuwa daga tsakiyar Mayu zuwa ƙarshen Yuli. Sai dai darajar yankin tana wajen mutanensa. Zanen da ke kan duwatsun Alta, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1985, ya nuna cewa an shafe dubban shekaru ana farauta da kamun kifi a nan. Har yau Samawa, 'yan asalin yankin, suna kora barewarsu ta kiwo daga tudu zuwa gaɓar teku da bazara.

Wasu na cewa al'adar ta zama kayan kallo kawai, tunda sojojin Jamus sun ƙone garuruwan a 1944, tsoffin gine-gine ba su da yawa. Gaskiya ne an yi asara, kuma akwai masu sa tufafin gargajiya don kuɗin baƙi. Amma Samawa suna da majalisarsu a Karasjok tun 1989, ana kuma koyar da yara da harshensu a makarantun Kautokeino.