Karyewar sifirin baya na motar a-kori-kura: Dalilai, alamomi da yadda ake gyara ba tare da hatsari ba

Sifirin baya jerin fallayen ƙarfe ne masu lanƙwasa da ake ɗora su ɗaya bisa ɗaya, mafi tsawo a sama, gajeru a ƙasa, a ɗaure su da ƙusa guda a tsakiya. Shi ne ke ɗauke da nauyin bayan yawancin motocin a-kori-kura, tun daga Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna har zuwa Toyota Hilux, wadda aka fara ƙerawa a 1968. Dabarar ta girmi mota kanta, domin tun a 1804 Obadiah Elliott ya yi rajistar wani nau'insa a Landan saboda kekunan doki.

Aikinsa a jikin mota

Mutane da dama na ɗauka amfanin sifirin bai wuce rage girgiza ba. A motar a-kori-kura yana da aiki na biyu da ya fi wannan muhimmanci, wato riƙe aksul ɗin baya a mazauninsa. Babban falle yana da ido a kowane ƙarshe. Idon gaba a ɗaure yake da shasi, na baya kuma yana rataye ne a wani ɗan ƙarfe mai lilo, wanda ke ba sifirin damar miƙewa idan an yi lodi. A tsakiya kuwa ƙusoshi biyu masu siffar harafin U, waɗanda kanikawa ke kira yubol, su ke haɗe sifirin da aksul.

Saboda haka karyewar ƙaramin falle daban take da karyewar babba. Idan ƙarami ya karye, mota takan sunkuya gefe guda, sauran fallayen su ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinsu. Idan kuwa babban ne ya karye, musamman tsakanin idon gaba da aksul, taya na iya ja baya, motar ta riƙa tafiya a karkace, bututun birki ya tsinke, ko farfela ta zare. Irin wannan mota ba ta cancanci hawa titi ba, ɗaukar ta ake yi zuwa gareji.

Abin da ke karya shi

Babban dalili shi ne lodi fiye da ƙima. Yawancin motocin da ke ajin Hilux an ƙera su ne don ɗaukar kimanin tan ɗaya, kuma nauyin direba da fasinjoji na cikin wannan lissafi. Tan ɗaya buhu 20 ne na siminti mai kilo 50, ko buhu 10 na hatsi mai kilo 100. Adadin kowace mota na rubuce a littafinta. Wuce shi laifi ne da jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ke kama direbobi a kai.

Na biyu gajiyar ƙarfe ce. Kowane rami da mota ta faɗa yana lanƙwasa fallayen, har wata rana ƙaramar tsaga ta bayyana ta riƙa girma a hankali. Tsatsa da yashin da ke shiga tsakanin fallaye suna gaggauta hakan. Na uku kuma, wanda ba a cika lura da shi ba, shi ne sakin yubol. Muddin ɗaurin ya yi sako-sako, tsakiyar sifirin za ta riƙa motsi, alhali nan ne ramin ƙusar tsakiya yake, inda ƙarfen ya fi rauni. Shi ya sa karaya a daidai wannan rami takan nuna cewa ɗauri ne ya saki.

Alamomi

Daga cikin alamomin akwai sunkuyawar baya ko gefe guda ko da babu kaya, ƙarar bugun ƙarfe a kan hanya mai gargada, taya na gogar jikin mota, da cinyewar taya ta ɓangare ɗaya. Wanda ke bin motar a baya zai iya ganin tana tafiya a kaikaice. Idan aka wanke laka aka haska fitila, akan ga tsaga, ko falle da ya zame daga jeri.

Dalilin da ya sa walda ba magani ba ce

Ƙarfen sifirin ana gasa shi ne a sanyaya, a sake ɗumama shi a ma'aunin zafi na musamman, har ya sami halin lanƙwasa ya koma yadda yake. Zafin walda yana ɓata wannan hali. Wurin da aka liƙe da kewayensa sai su yi gautsi ko su yi laushi, kuma galibi sabuwar karayar a gefen waldar take faruwa, a lokacin da motar ke ɗauke da kaya tana gudu. Haka nan gasa falle da wuta don a maido masa da lanƙwasa. Gyaran da masu ƙera motoci suka amince da shi shi ne a sauya fallen da ya karye, ko kuma jerin baki ɗaya. An fi so a sauya ɓangarorin biyu tare, domin sabo da tsoho ba sa tsayawa daidai.

Matakan gyara

Hatsari mafi girma a wannan aiki shi ne mota ta faɗo wa mai gyara. Ana fara sauke duk kaya, a ajiye motar a daɓe mai ƙarfi kuma shimfiɗaɗɗe. Dole a tare tayoyin gaba ta gaba da baya, saboda birkin hannu tayoyin baya kaɗai yake riƙewa, kuma ba shi da amfani da zarar sun bar ƙasa. Bayan an sassauta notunan taya, sai a ɗaga motar da jak, a girke shasi a kan ƙafafun ƙarfe da aka yi don wannan aiki. Jak na ɗagawa ne kawai, ba a dogara da shi. Bulon siminti ma kan fashe ba zato.

Daga nan sai a tallafi aksul da jak, a cire taya, a kwance ƙasan shokazoba, sannan a kwance yubol. Ana raba aksul da sifirin a hankali, ido na kan bututun robar birki da wayar birkin hannu don kada su miƙe. Sai a cire ƙusar ƙarfen lilo na baya, a ƙare da ta idon gaba. Ana gama ɓangare ɗaya kafin a taɓa ɗayan, domin aksul ya zauna a wurinsa. Jerin yana da nauyi, don haka aikin na mutum biyu ne. Ƙusar da tsatsa ta kama ana jiƙa ta da man sassauta tsatsa. Idan ya zama dole a yanka, a tuna tankin mai yana kusa, a kuma sanya tabarau na kariya.

In falle ɗaya za a sauya, wajibi ne a matse jerin da matsi biyu masu ƙarfi kafin a taɓa ƙusar tsakiya, sannan a sassauta su kaɗan-kaɗan, domin fallayen na iya ɓallewa da ƙarfi su ji wa mutum ciwo.

Wajen mayarwa, kan ƙusar tsakiya dole ya shige raminsa a kan aksul. Ana sa sabbin yubol, saboda tsofaffin sun riga sun miƙe kuma zarensu ya ci. Ana ɗaure notunan huɗu bi da bi a gicciye, da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, bisa adadin da littafin motar ya nuna. Ƙusoshin idanu kuwa ba a ƙarasa ɗaure su sai motar ta sauka ta tsaya a kan tayoyinta, in ba haka ba bushin roba zai murɗe ya yage da wuri.

Sayen kaya da abin da ke biyo baya

Mai neman sifirin a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Apo a Abuja ko Ladipo a Legas, ya dace ya tafi da tsohon a gwada tsawo, faɗi, yawan fallaye da tazarar ƙusar tsakiya daga kowane ido, domin sau da yawa tazarar gaba da ta baya ba ɗaya ba ce. Na hannu kuma a goge shi a duba tsaga da alamar walda. Ƙara fallaye don a ƙara lodi ba ya ƙara ƙarfin birki, taya ko shasi.

Bayan gyara ana gwada motar a hankali ba tare da kaya ba, a tabbatar birki na kamawa kuma tana tafiya sak. Bayan 'yan kwanaki ana aiki da ita, a koma a sake ɗaure yubol, saboda sabbin fallaye sukan zauna, ɗaurin ya ragu. Wannan ɗan mataki na ƙarshe shi ne mafi yawan masu motoci ke mantawa da shi, kuma sau da yawa daga nan karaya ta gaba ke samo asali.