Nauyin igwa da hanyar Adar: daga 1899 zuwa igwar ja ta zamani

1. Gabatarwa

Wanda ya bi hanya daga Tawa zuwa Kalfu ya san ƙasar Adar: tudun dutse, fako, kwari mai yashi, da rijiyoyi masu nisa da juna. A cikin wannan takarda muna son mu dubi tarihin ƙera igwa ta fuskar wannan ƙasa. Ra'ayinmu shi ne, tun ƙarshen ƙarni na 19 babbar matsalar maƙeran igwa ita ce nauyi. Igwar da ke kai harsashi nesa nauyi gare ta, kuma tilas wani ya ɗauke ta ko ya ja ta.

2. Igwar zamanin shigowar nasara

A shekara ta 1899 ayarin Voulet da Chanoine ya ratsa ƙasar Hausa da igwa guda mai bakin milimita 80, irin wadda Faransawa ke kira igwar dutse. Laftanan Joalland ne jami'in igwa na ayarin. Sun yaƙi Sarauniya a Lugu ranar 16 ga Afrilu, suka afka wa Birnin Ƙonni a watan Mayu. Ganuwar ƙasa ba ta kare garin ba, an kuma kashe jama'a masu ɗimbin yawa.

Wannan igwa tana bin tsarin de Bange na shekarun 1870. Nauyinta kimanin kilo 300 ne, ana kwance ta kashi-kashi a ɗora wa alfadarai. Ba ta da abin tare ja-da-baya: duk harbi sai ta zabura baya, a mayar da ita, a sake auna. A ƙasashenmu, inda alfadarai ba su da yawa, kayan ayari na kan dabbobin da aka ƙwace da kawunan ƴan dako da aka kama da ƙarfi.

Yarjejeniyar 1898 ta bar wa Ingila da'irar mil 100 kewaye da Sakkwato, ta tura Faransawa arewa, inda ruwa ke wuya. Wannan na cikin dalilan kafa bariki a Tawa tsakanin 1900 da 1901, kan hanyar Damagaram. Sai bayan yarjejeniyoyin 1904 da 1906 iyaka ta sauka kudu.

Igwa ta taɓa shiga hannun masu tawaye. Lokacin da Kawusan ya kewaye barikin Agadas, daga Disamba 1916 zuwa 3 ga Maris 1917, yana da igwar da aka ƙwato daga Italiyawa a Libiya. Duk da haka barikin bai faɗi ba, don igwa guda ba ta isa ba in babu harsashi mai yawa da hanyar kawo shi.

3. Abin da ya canja a ƙira

Canji na farko shi ne igwar Faransa mai milimita 75 ta 1897. An sa mata birki na mai da iska mai shanye ja-da-baya, gindinta ya daina motsi, har tana iya harbi 15 cikin minti. Amma nauyinta ya wuce tan guda, dawaki shida ke janta. Yaƙin 1914-1918 kuma ya nuna amfanin igwa mai cilla harsashi sama ya faɗo bayan tudu ko cikin rami, wadda Faransawa ke kira obusier.

Da kamyo ya maye gurbin doki, sai nauyi ya ƙaru. TRF1 ta kamfanin GIAT, mai milimita 155, ta wuce tan 10, tana kai kilomita 24 da harsashi na yau da kullum. An sa mata ƙaramin inji don ta iya gusawa da kanta bayan an kwance ta daga kamyo. Faransa ta yi aiki da ita a yaƙin Gulf na 1991.

Daga nan hanya ta rabu biyu. M777, wadda sojan Amurka suka karɓa a 2005, an yi yawancin jikinta da ƙarfen titaniyom, nauyinta ya sauko kusan tan 4, har jirgi mai saukar ungulu na iya ɗaukarta. Faransa kuwa ta ɗora igwar a bayan kamyo: ita ce CAESAR, mai kai kimanin kilomita 40, wadda aka kai Mali a 2013. A 2022 sojan Faransa suka ajiye TRF1 ta ƙarshe. Dalili sananne ne: igwar ja na ɗaukar lokaci wajen kafawa da kwancewa, alhali rada da jirage marasa matuƙi na gano wurin harbi cikin mintoci kaɗan.

4. Kammalawa

Daga de Bange zuwa CAESAR tambayar ɗaya ce: wa zai kai igwa inda ake bukatarta? A 1899 talaka da dabbarsa suka ɗauki nauyin. Shi ya sa muke ba ɗalibanmu shawara su haɗa takardun bariki da labaran baka na garuruwa irin su Kalfu, kan karɓar raƙuma, hatsi da ƴan dako a zamanin nasara. A can ne za a auna abin da igwa ta ci wa mutanen Adar.